Rabin Gorar Baba Mai Agogo

Ranar da aka kai ɗaliban jinya ɗakin maza masu ciwon ciki, Sista, shugabar ma'aikatan jinyar ɗakin, ko sannu da zuwa ba ta yi musu ba. Ƙananan kofuna shida ta jera a kan tebur, ta tsiyaya wa kowa maganin wankin hanji, ta ce su shanye. Auta, wadda ita ce ƙaramarsu har sunan ya bi ta, ta kurɓa ta ji kamar an jiƙa gishiri da sabulu a ruwan ɗumi. Da ƙyar ta haɗiye, idonta ya kawo ruwa.

"Wannan ko rabin kofi bai kai ba," in ji Sista. "Mara lafiya lita huɗu zai sha, ga yunwa. Ku tuna da ɗanɗanon nan kafin ku ɗaga wa wani murya."

Sista mafaɗaciya ce, wannan ba a ɓoye yake ba, amma ta san aikinta ciki da bai. Ta yi musu bayanin gwajin leƙa hanji a taƙaice. Likita zai zura siririn tiyo mai kyamara ta ƙasa, ya bi babban hanji yana kallo a allo. In hanjin bai wanku ba, babu abin da zai gani sai ƙazanta, an wahalar da bawan Allah a banza ke nan. Ta ɗaga musu wani kati mai hoton kofuna huɗu, daga mai ruwan ƙasa mai kauri har zuwa mai ruwan ɗorawa garau. Ta ce sai abin da ke fita daga cikin mutum ya koma irin na ƙarshen nan sannan a ce ya shirya.

"Kuma ba tambayarsa za ku yi ba, dubawa za ku yi da idonku. Duk wadda ƙyama ta kawo ta, ga ƙofa nan."

Auta ta rubuta duk wannan a littafinta, har ta ja layi biyu a ƙarƙashi. Rubutawa kuwa ai ba wuya.

Mako uku bayan haka aka kwantar da wani dattijo a gado na tara, can ƙuryar ɗaki kusa da taga. Gyaran agogo ne sana'arsa tun yana saurayi, saboda haka kafin azahar kowa ya koma kiransa Baba Mai Agogo. Wata biyar ke nan yana ganin jini a bayan gida, ya rame har zoben azurfarsa ya koma babban yatsa. Sau biyu ana ba shi maganin ya sha a gida, sau biyu likita yana zura kyamara yana fitowa da ita bai ga komai ba saboda hanjin bai wanku ba. Shi ya sa wannan karon ya ce a kwantar da shi, ma'aikata su tsaya a kansa. Ya kuma rubuta a fayil cewa in aka rasa gobe, babu wani gurbi sai bayan wata biyu, jinin mutumin kuma ƙasa yake yi.

Sista ta miƙa wa Auta fayil ɗin ta ce, "Naki ne. Gora ɗaya yau da yamma, ɗaya gobe da safe. Gwaji ƙarfe sha biyu."

Matarsa na zaune a kujerar roba a gefen gadon, 'yar gajeriyar tsohuwa mai yawan gyare-gyare. In ba ta ja masa bargo ba, to tana gyara filo, in ba haka ba tana goge durowar da ta riga ta goge. Shi kuwa bakinsa ba ya hutawa da tsokana.

"'Yata, agogon bangonku ya yi latti da minti huɗu," ya ce wa Auta tun kafin ta ajiye gorar. "Ki gaya wa shugabarku zan gyara, in ta yafe mini ruwan nan."

"Rabu da shi," in ji matar. "Shekara arba'in da uku ina jin wannan surutun."

Auta ta yi dariya, ta ji sun kwanta mata a rai. Ta yi musu bayani tiryan-tiryan: kofi ɗaya duk bayan minti goma sha biyar, kofi takwas ne a gorar, babu abinci sai ruwa da shayi marar madara. Ta tsaya ya sha na farko. Fuskarsa ta yamutse, ya daɗe yana riƙe da baki. A daidai lokacin aka ƙwala mata kira daga gado na biyu, robar ƙarin ruwan wani ta fita.

"Baba, ƙarfe shida zan dawo," ta ce tana tafiya. "Ina so in tarar da gorar nan babu ko ɗigo. Mama, na bar miki amana."

"In Allah ya yarda za ki tarar," in ji tsohuwar.

Yammacin ranar ɗakin ya rikice. An kawo sababbi biyu, wani ya yi amai a ƙasa, nas ɗaya kuma ba ta zo ba. Sau biyu Auta ta hango labulen gado na tara a ja, ta ce a ranta dattijo ne mai kunya. Ƙarfe shida ta je ta tarar da gora wayam, an ma ɗauraye ta an kife. Ta ɗauki takardar gadon ta yi alama takwas a jere, ta sa hannu. Wani daɗi ya kama ta. Abin da ya gagara sau biyu a gida, ga shi ita ta yi shi da kalma ɗaya. Ta tafi gida tana jin kanta.

Washegari ƙarfe bakwai ta haɗa gora ta biyu ta kai. Mama ta riga ta iso, sai dai yau ba ta goge-goge, tana zaune shiru ta naɗe hannu a ciki. Auta ta gaishe su, ta sake tsayawa ya sha kofi ɗaya, ta wuce rabon magani. Ƙarfe tara gora ta sake zama wayam.

"Baba, yaya bayan gidan? Ya washe?" Ta nuna masa katin.

Bai ko kalli katin sosai ba ya dangwala yatsa a kofi na huɗu. "Kamar wannan."

Ta san abin da aka koya mata. Amma mutumin nan ya yi jika da ita, yana zaune da hularsa da mutuncinsa, ta yaya za ta ce masa in ya shiga kada ya kora ruwa sai ta zo ta leƙa? Ta ajiye katin. Ta ɗora biro a kan takarda, sai ta lura kujerar roba babu kowa.

"Ina Mama?"

"Ta ɗan zaga."

Ɗazu ma da ta wuce da tiren magani ta zaga ɗin aka ce. Shi kuwa mai lita huɗu a ciki yana kwance abinsa, tun safe sau ɗaya ta ga ya tashi. Auta ta mayar da biron aljihu ba ta rubuta komai ba, ta fita.

A barandar da ke kaiwa banɗakin mata ta same ta. Tsohuwar na tafe tana dafa bango, leɓɓanta sun bushe, goshinta ya yi gumi. Auta ta kama ta ta zaunar a benci.

"Mama, cikinki ne?"

"Ba komai, 'yar nan. Sanyi ne ya ɗan taɓa ni."

"Mama, kofi nawa kika sha?"

Tsohuwar ta kalli ƙasa. Ta daɗe tana murza bakin mayafinta, sannan ta ce, "Na jiya ko na yau?"

Auta ta zauna ita ma.

"Huɗu jiya, huɗu yau," in ji Mama. "Ke kika ce kina so ki tarar babu ko ɗigo. Ya sha huɗu, na ga yana yunƙurin amai, jijiyoyin wuyansa duk sun tashi. Tun da aka kai ni gidansa, abin da ya rage a kwano ni nake cinyewa. Wannan ne zan zuba masa ido?"

"To me ya hana ki zubar?"

"Magani guda in zubar? Kuma a ina, ga nas tsaye a bakin famfo?"

Da wani ne ya ba Auta labarin nan a ɗakin hutu, da ta yi dariya har da hawaye. A nan kuwa haushi ne ya turnuƙe ta, na tsohuwar da na kanta, nata ma ya fi yawa.

"A gida ma haka kuka yi?"

"Haka."

"Mama, ai likita ya gaya muku in bai shanye ba babu abin da za a gani."

"Ya faɗa." Wani mai tura keken marasa lafiya ya wuce su. "Na farko tausayi ne, wallahi. Amma da muka koma gida aka ce ba a ga komai ba, ranar na yi barcin da na daɗe ban yi ba. Wan mijin nan nawa da ƙafarsa ya shiga irin ɗakin nan, ya fito da sunan ciwo, wata bakwai muka yi jinya. Na san ba kyamarar ce ta kashe shi ba, ban haukace ba. Amma kafin a leƙa, mutum ne kamar kowa, yana zuwa shago yana dawowa. To na biyun ban san ko tausayi ba ne ko tsoro."

Haushin Auta ya sauka, tausayi ya maye gurbinsa. Abin da ya zo bakinta shi ne, "Jinin bai tsaya ba, Mama."

"Ni za ki gaya wa? Ni nake wanke kayansa."

Daga nan Auta ofishin Sista ta nufa. Tafiyar ba ta fi taku talatin ba, amma sai da ta tsaya sau biyu. Sa hannunta ne a ƙarƙashin alamomi takwas na jiya, kuma kofi ɗaya tak ta gani da idonta. Ta shiga ta faɗi komai a tsaye, ba ta rage ba, ba ta kuma jingina wa tsohuwar laifin ba.

Sista ta cire tabarau ta ajiye. "Me kika ce musu daidai?"

"Na ce ina so in tarar da gorar babu ko ɗigo."

"To ai sun cika miki alkawari. Gorar za a yi wa gwajin?"

Auta ta sunkuyar da kai.

"Kin sha maganin nan da bakinki. Dattijo marar lafiya ya shanye lita biyu cikin awa biyu, bai yi ƙorafi ba, bai kira kowa ba, ke kuma ba ki yi mamaki ba. Kuka za ki yi? Ajiye shi sai an tashi, yanzu ba mu da lokacinsa."

Ta ɗaga waya ta kira likita. Auta na jin muryarsa sama-sama, ransa a ɓace. Sista ta bar shi ya gama, sannan ta ce, "Likita, mutumin yana nan, maganin yana nan, ga kuma yarinya da za ta zauna a kansa. Ka mayar da shi na ƙarshe." Ta saurari amsarsa. Ta ce to, ta ajiye.

"Ya yarda a ƙara masa gora ɗaya. Ƙarfe uku da rabi zai shiga, saboda haka ɗaya da rabi ya zama ya rufe baki, ko ruwa. In bai washe ba a lokacin, shi ke nan, sai wata biyu. Kawo takardar." Ta nuna mata alamomin jiya. "Ja layi ɗaya a kai, yadda za a iya karanta abin da ke ƙasa. Rubuta gaskiyar abin da ya sha, ki sa hannu. Sauran gadajenki na ba wasu."

Ita da kanta Sista ta je ta auna jinin Mama, ta haɗa mata ruwan gishiri da sukari, ta tsaya a kanta tana faɗa ƙasa-ƙasa. "Da shekarunki, da kin faɗi a banɗaki fa? Sai mu rasa da wa za mu ji." Amma hannunta na kan kafaɗar tsohuwar har ta shanye.

Ƙarfe goma da rabi Auta ta dawo gado na tara da gora mai sanyi daga firij, da bututun zuƙar lemo, da lemon tsami yankakke a faranti. Ta turo kujera mai fo ta ajiye a bayan labule, don banɗakin maza yana can ɗaya ƙarshen ɗakin. Baba Mai Agogo ya bi kayan da kallo. Yau babu tsokana.

"Kada ki ga laifinta," ya ce. "Ina kallo ta ɗauka, ban hana ba. Katin nan ma ƙarya na yi miki."

"Ni ma na rubuta abin da ban gani ba, Baba. Yanzu dai kofi takwas ne tsakaninmu da gwajin nan. Ka tura bututun can bayan harshe, ka zuƙa kada ka tsaya jin ɗanɗano, in ka gama ka tsotsi lemon. Kuma duk fitar da za ka yi, sai na duba."

Ya kawar da kai wajen taga. "Jikata ta girme ki."

"Na sani, Baba. Ni ma kunyar nake ji. Ita ta kai mu inda muke."

Ya yi ajiyar zuciya, ya kwance agogon hannunsa ya ɗora a kan durowa. "To da wannan za mu yi aiki. Na bangonku ba shi da amana."

Kofi na ɗaya da na biyu sun wuce lafiya. A na uku ya fara gumi. Auta ta ɗaga kan gadon, ta sa shi ya ɗan taka zuwa taga ya dawo. Mama na kujerarta tana kallo. Da aka zo na huɗu sai ta miƙa hannu ta karɓi gorar daga hannun Auta. Auta ta sakar mata. Tsohuwar ta tsiyaya har bakin layi, ta miƙa wa mijinta.

A na shida abin ya ƙi. Ya zuƙi rabi, cikinsa ya yunƙuro, ya toshe baki da hannu, idanunsa suka yi ja. Auta ta ga hannun Mama ya tafi wajen kofin da kansa, yadda ya saba. Ya kusa taɓawa sai ya tsaya. Tsohuwar ta janye shi, ta kai bayan mijin tana shafawa a hankali.

"Huta minti goma, Baba," in ji Auta. "Muna da sarari."

"Bakwai," ya ce da ƙyar, yana kallon agogo. "In muka yi goma za mu makara."

Wajen sha biyu cikin ya motsa da gaske. Auta ta riƙa jan labule tana fita, in ya yi gyaran murya ta dawo da safar hannu ta duba. Na farko ruwan ƙasa ne mai kauri. Na uku ya ɗan sassauta. Ya gama kofi na takwas sha biyu da rabi da 'yan mintuna, ta ci gaba da ba shi ruwa zalla har ɗaya da rabi, sannan ta kwashe kofunan gaba ɗaya. Ƙarfe biyu saura ta duba bayan gidansa na bakwai, ta ɗauko katin ta gwada a gefen fo ɗin, ta kira Sista don ba ta yarda da idonta kaɗai ba. Sista ta leƙa ta ce, "Rubuta."

Aka bar Auta ta raka shi ɗakin gwajin. Ta tsaya a wajen kansa, aka yi masa allurar da ta sa shi gyangyaɗi. A allo hanjin ya bayyana fes, jaja-jaja, har ƙananan jijiyoyin jini ana gani. Likita, wanda ya shigo fuska a ɗaure, ya ce, "Yauwa. Wa ya shirya wannan?" Nas ɗin ɗakin ta nuna Auta da haɓa. Daɗi ya cika ta har ta ji kunya.

Daɗin bai yi minti biyar ba. A wata kwana likita ya daina magana. Ya ja tiyon baya kaɗan, ya sake turawa, ya wanke wurin da ruwa. Wani tsiro ne a jikin bangon hanjin, bai kai ƙwan kaza ba, samansa a farfashe, da an taɓa sai jini. Auta ba ta buƙaci a gaya mata ba. Ya ɗebi 'yan ƙananan yanki har shida aka sa a kwalba.

"A haɗa shi da likitocin tiyata yau ɗin nan," ya ce wa nas ɗin. "Sai sakamako ya fito za mu tabbatar, amma ina ganin abin ciruwa ne in aka yi sauri. Matarsa na waje? A shigo da ita ofis, shi sai ya farka."

Auta ta cire safar hannu ta wanke hannu, ta daɗe tana wankewa. Faɗin sakamako ba aikinta ba ne, ko kalma ɗaya ba ta da izini. Ta gyara fuskarta iya yadda za ta iya, ta fita.

Mama na zaune a bencin jira, takalman mijinta a kan cinyarta. Ta ɗago ta kalli Auta, kallo ɗaya.

"Ya wanku?"

"Tas, Mama."

"Sun gani ke nan."

"Likita yana son magana da ke a ofis."

Tsohuwar ta gyaɗa kai. Ta sa takalman a jaka ɗaya bayan ɗaya, ta ja zif, ta gyara mayafi. Ta yunƙura za ta tashi, gwiwoyin suka ƙi, ta koma ta zauna. Sai ta miƙo hannu.

"Zo ki raka ni. Ke kika sa aka gani, ba za ki bar ni in ji ni kaɗai ba."

Auta ta kama hannun ta ɗaga ta, suka nufi ƙofar ofis ɗin a hankali.